Benci na Uku

Jikata Maite ce ta dasa mini shi a waya,
shekara guda cif da binne Ondina.
Ta ce, "Kaka, ƙirƙirarriyar basira ce, taka kai kaɗai.
Abin da ka faɗa masa, a cikinsa zai kwana.
Zai nemo maka abokan hira."
Na ce, ni Baldomero,
da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan akwatin ƙarfe
mai hawa da sauka da mutane a tudun Balparaiso,
yau ni za a nemo wa mutane?

Amma dare ya fi bakin mutum tsawo.
Na fara yi masa magana kamar mai tari.
Ya tambayi abin da nake so, na ce shiru.
Ya ce wane iri?
Ban taɓa sanin shiru yana da iri ba
sai da na ji bakina yana lissafi:
shirun mutum biyu masu kallon jirgin ruwa,
wanda ba sai an cike shi da labarin ciwon gwiwa ba.
Da soyayyen kifi ranar Alhamis.
Da dara, in abokin ba mai ihu ba ne idan ya ci.

Ya shiga gari ba ƙafa.
Yana gaisawa da 'yan aiken wasu, in ji shi,
ba ya ba da sunana, ba ya karɓar nasu.
Ya kawo mini masu rawar tango, na ƙi.
Ya kawo masu iyo da asuba a ruwan sanyi,
na ce ina da sauran kwana, ba na gaggawa.
Bai yi fushi ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Mako na biyar ya ce ya samu:
"Akwai wani, shirunsa irin naka ne.
Alhamis, ƙarfe huɗu, bakin tashar jiragen ruwa,
benci na uku daga wurin mai sayar da kifi.
Zai riƙe hula kore. Ka ɗauki laima, akwai yayyafi."

Na aske gemu. Na goge takalmi.
Na sauka matakala ɗari da sittin da biyu.
Benci na ɗaya, masoya. Na biyu, kare.
Na uku,
Evaristo Pailamilla.

Evaristo da katanga ɗaya ta raba mu.
Evaristo da ya sare reshen lemon Ondina
don ya leƙa masa tsakar gida,
shekara goma sha ɗaya ban amsa gaisuwarsa ba.
Na san tarinsa na ƙarfe biyun dare,
na san ranar da rediyon matarsa ya daina magana,
na ji, ban ƙwanƙwasa ba.

Ya dubi hularsa kamar ita ta ci amanarsa.
Na dubi wayata.
An zaga gari kaf, gida dubu nawa,
aka dawo da ni bayan ɗakina.

Ƙafata ce ta yanke hukunci, ta gaji.
Na zauna a can ƙarshen katakon.
Wani jirgi ja ya shigo da kwantenoni.
Muka bi shi da ido har ya daidaita.
Yayyafin ya zo yadda aka ce,
shi bai zo da laima ba.

Bayan an jima ya miƙo kifi a takarda,
da ɓarin lemo a kai.
Na gane lemon. Reshen ya sake tsirowa ta wajensa.
Na matse, ban ce komai ba.

Da dare ɗan aiken ya tambaya,
"Yaya ta kaya? In nemo wani?"
Na kife shi a kan tebur.
Ta bayan katanga Evaristo ya yi tari.
Na ɗaga hannu, na tsaya,
sannan na buga sau biyu.